Dokar Noma ta Amurka da Fafutikar Manoma Marasa Amfani da Sinadarai

Ɗalibai, kun san cewa manomi yana buƙatar ƙasa mai kyau, da iri, da ruwan sama. Akwai kuma abu na huɗu da ba a ganinsa a gona, amma yana iya ɗaukaka manomi ko ya durƙusar da shi, wato dokar gwamnati. A wannan darasi za ku ga yadda wasu manoma a Amurka suka yi fafutika har doka ta san da zamansu.

A Amurka akwai wata babbar doka da ake kira Dokar Noma. An fara kafa irinta a shekarar 1933, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas, manoma da yawa suka rasa gonakinsu saboda bashi. Majalisar dokokin ƙasar takan sabunta ta kusan duk bayan shekara biyar. Ita ce ke tsara tallafin manoma, da inshorar amfanin gona, da kuɗin bincike. Kaso mafi tsoka na kuɗin, wajen kashi uku cikin huɗu, yana tafiya ne ga taimakon abinci ga masu ƙaramin ƙarfi. A ɓangaren noma kuwa, masu noman masara da alkama da auduga da waken suya da shinkafa ne suka daɗe suna kwashe rabo mafi yawa.

To, akwai wasu manoma da suka zaɓi wata hanya dabam, wadda ake kira noman oganik. Ba sa zuba takin zamani, kuma suna guje wa galibin magungunan feshi na ƙwari da na ciyawa. Suna amfani da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, suna sauya abin da suke shukawa daga shekara zuwa shekara don ƙasa ta huta. Da farko babu ƙa'ida guda a ƙasar baki ɗaya, don haka mai saye ba shi da tabbacin abin da aka sayar masa. A shekarar 1990, Sanata Patrick Leahy na jihar Vermont ya jagoranci shigar da dokar abincin oganik cikin Dokar Noma. Daga cikin sharuɗɗanta, sai gona ta shekara uku ba a zuba mata haramtattun sinadarai ba kafin a ba ta takardar shaida.

Kafa doka daban, aiwatar da ita daban. A ƙarshen 1997 Ma'aikatar Noma ta fitar da daftarin ƙa'idoji, wanda ya bar ƙofa a buɗe ga abubuwa uku: irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da takin najasar birane, da ratsa abinci da haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Manoma da masu saye suka ce ba su yarda ba. Mutane fiye da 275,000 suka aika wa ma'aikatar ra'ayinsu. Dole ta janye daftarin, ta haramta abubuwan uku. Sababbin ƙa'idojin sun fara aiki sosai a watan Oktoba na 2002.

Saura batun kuɗi. Manomin da ba ya feshi yana buƙatar masana su binciko masa hanyar yaƙi da ƙwari da ciyawa, kuma takardar shaida tana cin kuɗi kowace shekara. Ƙungiyoyin manoma suka tashi tsaye. Suka riƙa rubuta wa wakilansu wasiƙu, suna buga musu waya, suna gayyatarsu gonaki su gane wa idonsu, wasu kuma suna zuwa Washington su ba da bayani a gaban kwamitocin majalisa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar 2002 ta ware dala miliyan 15 don binciken noman oganik, ta 2008 kuma ta ƙara zuwa dala miliyan 78. An kuma samar da shirin mayar wa manomi wani kaso na kuɗin takardar shaida.

Sai dai tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. Da wa'adin dokar 2008 ya ƙare a 2012, majalisa ta kasa cimma matsaya a kan sabuwa. Aka tsawaita tsohuwar, amma ba a sa wa shirin binciken kuɗi ba, aiki ya tsaya cik a 2013. Wannan ya koya wa manoman cewa tallafi na ɗan lokaci ba abin dogaro ba ne. Suka nemi kuɗi na dindindin, suka kuma samu a dokar 2018, wadda ta tsara ƙarin kuɗin binciken har ya kai dala miliyan 50 a shekara daga 2023.

Ku lura cewa waɗannan manoma ba su fi manyan kamfanoni kuɗi ba. Abin da suka mallaka shi ne haɗin kai, da sanin lokacin da ake rubuta doka, da bayyana buƙatarsu dalla-dalla. Mu ma a Nijeriya muna da Majalisar Dattawa da ta Wakilai, kuma kwamitocinsu kan zauna don jin ra'ayin jama'a kafin a zartar da doka. Manomin da ya san wannan ƙofa yana iya ƙwanƙwasa ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kafa Dokar Noma a 1933?
2. Waɗanne abubuwa uku ne jama'a suka ƙi amincewa da su?
3. Wane darasi manoman suka koya a 2013?