Biliyan 48 na 'yan fanshon Kano: ina kuɗin adashin suka shiga?

Naira biliyan 48. Bashin garatuti da haƙƙin mamata ke nan da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta tarar a wuyan jihar Kano da ta karɓi mulki a 2023. A watan Disamban shekarar aka tara jama'a, aka fara biya da biliyan 6, aka yi ta tafi da kabbara. Ban ga laifin tsofaffin ba, wanda ya shekara biyar yana jiran guminsa dole ya yi murna ran da ya gan shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da hayaniyar taron ta danne: kuɗin da aka riƙa zarewa daga albashin mutanen nan wata bayan wata, ina suka shiga?

Ai fanshon Kano ba kyauta ba ce. Tun dokar 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, ma'aikatarsa ta ɗora kashi 17, a zuba a asusun da amintattu ke riƙe da shi. Adashi ne, ba wani abu ba. Zubin ma'aikaci ba ya kuskure, kafin alat ya shigo wayarsa an riga an cire. Zubin gwamnati kuwa an daɗe sai ran da aka ga dama. Shugabannin asusun da na ƙungiyar 'yan fansho sun sha fitowa fili suna kuka cewa ma'aikatu da hukumomi ba sa kawo nasu kashi 17. A ganina nan gizo ke saƙa, sauran abubuwan da ake lissafawa rassa ne.

Dubi yadda ramin ke zurfafa. Idan abin da ya shigo asusu bai kai ba, sai a fara da fanshon wata-wata, domin shi ne idan ya makara kwana uku gari zai ɗauka. Garatuti kuɗi ne dunƙule, mai shi mutum ɗaya ne, kukansa ba ya nisa, don haka sai a ce ya dakata. Kowane wata sababbin masu ritaya na hawa bayan layi. Kuɗin da ya kamata a juya su haifi riba ba su shigo ba balle su haihu. Da tafiya ta yi tafiya, a zamanin Ganduje, har fanshon watan ma 'yan fansho suka koka ana gutsura musu. Sannan ga asarar da ba a rubuta ta a takarda: malamin da ya ajiye alli a 2017, dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, idan aka biya shi a 2024 da ta haura 1,500, lambar da ke kan takardarsa aka ba shi, amma filin da ya yi niyyar saya a bayan gari ya riga ya fi ƙarfinsa.

Ga kuma batun gidaje. A wa'adin Kwankwaso na biyu aka sa kuɗin asusun, naira biliyan 4.1, a aikin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Masu kare matakin suna cewa jari ne, kuma gida ba ya ruɓa. To, mu ɗauka haka ne. Sai a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan fansho gidaje 324, bayan shekaru ana ja-in-ja har gaban kotu. Jarin da sai hukumar yaƙi da almundahana ta ƙwato maka shi, wane irin jari ne? Ban damu da wace hula ce ta yi ba, ja ko wata. Abin dubawa shi ne, amintaccen da gwamna ya naɗa, gwamna kuma ke iya sauke shi gobe, da wane baki zai ce wa gwamna a'a?

Mun fi son labarin ɓarawo mai suna da fuska. Abdulrashid Maina, wanda aka ɗora ya gyara fanshon tarayya, ya tsallake beli, aka kamo shi a Yamai a ƙarshen 2020, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 kan kuɗin da suka haura biliyan 2. John Yakubu Yusuf na asusun 'yan sanda ya amsa laifi a 2013, ya biya tarar naira 750,000 ya tafi gida, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara 6 a 2018. Waɗannan sata ce tsagwaronta. Amma ma'aikatar da ta riƙe zubinta ba a kiranta ɓarauniya, sai a ce “kuɗi ne ba su samu ba”.

Maganin da kowace gwamnati ta iya shi ne tantancewa. Na taɓa raka wani dattijon unguwarmu, tsohon masinja, wurin tantancewar. Tun bayan asuba ya ɗaure fayil ɗinsa a baƙar leda: takardar kama aiki da ta yi ja ta kusa rabuwa a kan ninki, takardar ƙarin girma, ta barin aiki, hoto huɗu. Na'urar ta ƙi karanta yatsansa, tsufa ya shafe zanen. Yarinyar da ke kan teburin ta ce, “Baba, shafa a goshinka ka sake ɗorawa.” Ya shafa, ya ɗora, har sau biyar. A bayansa wata gwauruwa ce riƙe da takardar kotu ta magada, da goyon jika. An tabbatar dattijon yana raye. Ba wanda ya tambayi ma'aikatar da ya yi wa aiki shekara 35 ta kawo nata rasit.

Gaskiya ne akwai 'yan fanshon bogi, akwai matattun da ake ci gaba da karɓar kuɗinsu, kuma tantancewa na kama wasu. Gaskiya ne kuma nauyin albashi ya yi wa jihohi yawa. Sai dai wanda ya san ba zai iya zubi ba, ba ya karɓar na abokan adashinsa ya yi shiru.

Wasu na ganin mafita ita ce a koma tsarin tarayya, na asusun kowa da sunansa a hannun kamfanoni, wanda aka kafa a 2004 aka gyara a 2014 zuwa kashi 8 na ma'aikaci da 10 na ma'aikata. Yana da amfaninsa, hannun gwamna ba ya kai wa asusun mutum cikin sauƙi. Amma cutar ta bi shi can. A 2025 sai da gwamnatin tarayya ta amince da cin bashin naira biliyan 758 don biyan tsohon bashin fansho, a watan Yulin shekarar kuma tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin.

Abin da Kano ke buƙata ya fi wannan sauƙin faɗa: a cire kashi 17 daga tushe kafin kuɗi ya isa hannun ma'aikata ko ƙaramar hukuma, a riƙa wallafa sunan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba kowane wata, a sa wa amintattu wa'adin da gwamna ba zai iya katsewa ba. Kada a ce gyaran doka na ɗaukar lokaci. A 2019, da wasiƙar Abdul'aziz Yari ta fito yana neman naira miliyan 10 na alawus ɗinsa na wata a matsayin tsohon gwamna, cikin 'yan kwanaki majalisar Zamfara ta soke dokar, Gwamna Matawalle ya sa hannu.