Lasin Sayar da Barasa a Kantin Unguwa: Ikon Hukuma, Ribar Mai Kanti da Haƙƙin Maƙwabta

A garuruwan Nijeriya da doka ba ta haramta cinikin barasa a cikinsu ba, kamar Legas da Ibadan da Fatakwal da Jos da babban birnin tarayya Abuja, da wuya a sami takardar izinin kasuwanci da ke ta da jijiyar wuya tsakanin maƙwabta kamar lasin sayar da barasa. Mai kantin kayan masarufi yana hangen ƙarin ciniki, ƙaramar hukuma tana hangen kuɗin shiga, su kuwa mazauna layi suna hangen hayaniyar dare da halin da 'ya'yansu za su shiga.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwa Hausawa kai tsaye, ko da su ba sa taɓa wannan haja. A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, da yawansu ne ke da gidaje da shagunan haya, wasu kuma kantinsu na jikin kantin wanda ke neman lasin. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, lasin izini ne mai wa'adi da sharuɗɗa, kuma doka ta ba maƙwabta damar faɗin albarkacin bakinsu kafin a bayar da shi.

Wa ke da ikon ba da lasin?

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma daga cikinsu akwai ba da lasin da sa ido kan sayar da barasa, tare da kula da kantuna da gidajen abinci. Kafin wannan, Dokar Soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta sanya kuɗin lasin barasa a cikin kason ƙananan hukumomi. Sai dai majalisar dokokin jiha ce ke tsara dokar da ƙaramar hukuma za ta yi aiki a ƙarƙashinta, shi ya sa ƙa'idoji da kuɗin da ake biya suka bambanta daga wannan jiha zuwa waccan.

Gwamnatin tarayya kuwa hannunta yana kan hajar ne. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kowane irin abin sha rajista, hukumar kwastan kuma ita ke karɓar harajin da ake ɗora wa masana'antun giya. Saboda haka lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ba ta ba mai kanti izinin sayarwa, haka ma rajistar sunan kasuwanci ko rasidin kuɗin shago. Lasin barasa takarda ce mai zaman kanta.

Asalin bambancin Arewa da Kudu

Wannan tsari gadon Turawan mulkin mallaka ne. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a babban birnin Beljiyam a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan rukuni. A Kudu kuwa, kuɗin fiton barasar da ake shigowa da ita daga Turai shi ne babban kaso na kuɗin shigar gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan haɗe ƙasar a 1914, dokar barasa ta 1917 ta kasa ta gida uku: inda aka haramta, inda ake sayarwa da lasin, da inda aka taƙaita cinikin. Daga baya kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, a sashe na 403, ya mai da shan barasa laifi ga Musulmi.

Tun daga shekara ta 2000, lokacin da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, jihohin Arewa 12 suka bi wannan tafarki, kowace da gwargwadon tsananinta. A Kano, alal misali, hukumar Hisba ta farfasa kwalaben giya kusan 240,000 a bainar jama'a a watan Nuwamba na 2013. Inda jiha ta haramta cinikin, babu lasin da za a nema. A sauran sassan ƙasar ne tsarin lasin ke aiki, kuma a can ne ake samun jayayyar da ake magana a kai.

Ire-iren lasin da hanyar nemansa

Dokokin da jihohi suka gada sun bambanta lasin iri-iri: na otel, na kulob, na 'yan sari, na wucin gadi domin biki, da sauransu. Biyu ne suka shafi kantin unguwa. Na farko shi ne lasin da ke ba mutum damar sayarwa a sha a wurin. Na biyu shi ne na saye a tafi, wanda a ƙarƙashinsa ba a yarda a buɗe kwalba a cikin kanti ba. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan yawancin rigingimu, domin sau da yawa mai kanti yakan karɓi lasin na biyu, mai sauƙin samu, sannan ya jera benci da kujerun roba a bakin ƙofa, kafin a ankara kanti ya zama mashaya.

Bisa tsarin waɗannan dokoki, mai nema yakan miƙa takarda ga kwamitin ba da lasin, a duba ginin ta fuskar tsabta da tsaro, a kuma sanar da jama'a kafin ranar zama. A wannan tsakani ne mazaunin yankin ke da damar shigar da ƙin amincewarsa a rubuce. Dalilan da dokokin suka saba karɓa sanannu ne: cewa mai neman mashayi ne ko ba shi da kyakkyawar shaida, cewa an taɓa soke masa lasin ko an same shi da laifin karya dokar barasa, cewa wurin ba shi da tsabta, cewa buƙatar jama'a ba ta kai a ƙara wani wurin sayarwa ba, ko kuma cewa bayar da lasin zai dagula zaman lafiyar unguwa. Lasin na shekara guda ne, don haka lokacin sabuntawa wata dama ce ta gabatar da ƙorafi.

A nan ne maƙwabta suka fi yin sake. Sukan yi shiru har sai kanti ya fara aiki, sannan su taru su yi ta guna-guni a bakin masallaci ko coci, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma takardar da ta tsaya ga cewa barasa haramun ce a addini ba ta da ƙarfi sosai a gaban kwamitin da ke aiki da dokar da ta halatta cinikin. Wadda ke da nauyi ita ce wadda ta kawo hujja: tazarar kantin daga makarantar yara ko wurin ibada, yawan wuraren da suka riga suka sami lasin a layin, rahotannin faɗa da aka kai ofishin 'yan sanda, da sa hannun mazauna na kowane addini.

Lissafin ɓangarori uku

Ga mai kanti, lissafin a fili yake. Giya haja ce da ba ta kwana a kanta, manyan kamfanoni irin su Nigerian Breweries, wanda ya fara fitar da giyar Star a 1949, da Guinness, wanda ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, suna da dillalai da ke kai kaya har ƙofar kanti, kuma mai sayen giya yakan haɗa da wasu kayan. Amma akwai kuɗaɗen da ba a cika sa su a lissafi ba: jinginar kwalabe da akwatuna, man janareto domin sanyaya kaya, bashin abokan ciniki, da asarar matan unguwa waɗanda za su daina aiken yara sayen sukari da sabulu a kantin da maza ke zaune suna sha.

Ga ƙaramar hukuma, kowane lasin kuɗin shiga ne da ke maimaita kansa duk shekara. Yawancin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan sun dogara ne ga kason asusun tarayya, kuɗin da suke tarawa a cikin gida kaɗan ne. Wannan ya sa hukumar da aka ɗora wa alhakin taƙaita cinikin ita ce kuma ke cin moriyar yawaitarsa. Inda aka damƙa karɓar kuɗin ga 'yan kwangilar haraji, abin yakan koma yankan rasidi kawai, ba tare da an duba gini ko an saurari kowa ba.

Ga maƙwabta kuwa, nasu lissafin ba ya fitowa a littafin kowa. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan asarar da ke faɗa wa wanda ba ya cikin ciniki: mai saye ya biya, mai sayarwa ya karɓa, amma wanda ya kasa barci saboda kiɗa, ko aka mai da bangon gidansa wurin fitsari, ko 'yan haya suka bar masa gida, ba wanda ya biya shi ko kwabo. Dalilin da ya sa ba a bar barasa a hannun kasuwa kaɗai kamar shinkafa ko siminti ba ke nan. Lasin da sharuɗɗansa hanya ce ta mayar da wani ɓangare na wannan nauyi kan wanda ke cin ribar.

Abin da hana lasin ba ya magancewa

Hana lasin ba ya kashe buƙata. Inda aka rufe ƙofar gaba, ciniki yakan koma bayan gida, a hannun masu sayar da ogogoro da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu kuma a Jihar Ribas, bayan shan irin wannan barasa da aka gano tana ɗauke da guba. Mai lasin yana da adireshi da jarin da yake tsoron rasawa, ana iya ja masa kunne ko a soke takardarsa. Marar lasin ba shi da abin da za a ƙwace masa.

Akwai kuma barasar 'yar leda da ta ƙananan robobi, wadda arharta da sauƙin ɓoye ta suka kai ta hannun 'yan makaranta da direbobi. A 2018 hukumomin lafiya da masana'antun sun yi yarjejeniyar daina yin ta cikin shekaru biyar, kuma a watan Fabrairu na 2024 NAFDAC ta sanar da fara aiwatar da haramcin a kan ledoji da robobin da ba su kai mililita 200 ba, lamarin da ya gamu da turjiya daga masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago. Ita ma Jihar Legas, a dokarta ta zirga-zirgar ababen hawa ta 2012, ta hana sayar da barasa a tashoshin mota da kewayensu. Waɗannan matakai sun nuna cewa illar ta fi ta'allaƙa ga yadda ake sayarwa, da wurin, da wanda ake sayar wa.

Matsaya ta tsakiya

Saboda haka ba dole ne kwamiti ya tsaya tsakanin bayarwa da hanawa kurum ba. Maƙwabta na iya neman a taƙaita lasin ga saye a tafi, a hana jera kujeru da sanya lasifika a waje, a kiyaye lokacin rufewa, a daina sayar wa yara ko da an ce aiko su aka yi, a kuma ware barasa daga inda ake ajiye kayan abinci. Idan aka rubuta waɗannan, karya su ya zama hujja a lokacin sabunta lasin.

Masu gidaje ma suna da ƙarfin da ya fi na kwamiti saurin aiki. Wanda ba ya son a sayar da barasa a shagonsa, saboda addini ko saboda darajar gidansa, sai ya rubuta hakan ƙarara a yarjejeniyar haya tun kafin ya miƙa makulli, ya kuma fayyace irin sana'ar da aka ba da shagon dominta. In ba a rubuta ba, kuma ɗan haya ya sami lasin bisa ƙa'ida, fitar da shi sai an bi matakan dokar haya ta jihar, abin da kan ci watanni da kuɗin lauya.

Shi kuma mai kantin da ke shirin nema, zai fi masa alheri ya fara zama da mai gida da shugabannin ƙungiyar mazauna unguwa kafin ya sayi firji ko ya karɓi kaya bashi. Jarin da aka zuba a kantin da maƙwabta ke adawa da shi jari ne da ke fuskantar barazana duk ƙarshen shekara. Ƙananan hukumomi kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan su kasonsu na tarayya kai tsaye, jama'a za su ƙara sa musu ido kan yadda suke gudanar da ikon da Tsarin Mulki ya ba su, kuma sanar da jama'a kafin ba da lasin barasa yana cikin mafi sauƙin abin da za su iya farawa da shi.