Gano Matsalar Wuta a Tsofaffin Akwatunan Bidiyo

Akwatin bidiyo mai cin kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da shi a shekarar 1976, shi ne ya goyi wasan kwaikwayon Hausa na bidiyo tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta shirya a Kano a 1990. A 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera irin wannan akwati, ya daina. Ke nan duk mai son nazarin abin da kaset-kaset ɗin nan suka ƙunsa, na wasa ne ko na biki ko na wa'azi, ba shi da madogara sai tsofaffin akwatunan da suka saura. Sau da yawa kuwa idan aka ce akwati ya mutu, sashen wutarsa ne kawai ya gaza.

Aikin wannan sashe shi ne karɓar wutar bango, mai ƙarfin bolt 230 wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ya mayar da ita ƙaramar wuta mai tafiya hanya ɗaya: misalin bolt 5 domin ƙwaƙwalwar akwatin, da misalin 12 domin injinan da ke jan kaset.

Gwanin gyara yakan fara bincike daga bango ya nufi ciki. Zai duba soket da filogi da waya, sa'an nan ya karanta rubutun da ke bayan akwatin, domin wanda aka ƙera wa Amurka bolt 120 yake ci, na Japan kuwa 100. Cusa irin wannan a bangon Kano ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙona shi ne nan take.

Daga nan sai fis. Fis shaida ne, ba mai laifi ba. Idan ya tsinke kuma gilashinsa ya yi baƙi, to akwai abin da ya haɗe wuta a gabansa, galibi dayod, wato ƙwayar da ke tilasta wa wuta bin hanya ɗaya, ko kuwa taransisto. Al'adar nan ta ɗaure fis da zaren waya, ganganci ne tsantsa, don kuwa wutar da fis zai tare sai ta zarce ta cinye abin da ba a samun madadinsa a kasuwa.

Amma babban tushen ciwo shi ne kwandansa, 'yar gwangwanin nan da ke tara wuta tana sakinta a hankali domin ta daidaitu. A cikinta akwai wani ruwan sinadari wanda zafi da daɗewa ke busarwa. Ƙa'idar da masana lantarki ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan raba kwanan kwandansa biyu. Sai a auna abin da bazara da ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska za su yi mata cikin shekara talatin. Alamominta sanannu ne. Akwati ya ƙi tashi sai ya daɗe a jone, ko ya mutu da zarar an tura kaset, ko fitilar agogonsa ta dushe, ko wani faffaɗan layi ya riƙa ratsa hoto a hankali, ga gunji a cikin murya. Wata takan kumbura ko ta yi yoyo, ido ya gane ta. Wata kuwa lafiya lau a ido alhali ta bushe, sai mita ce ke tona asirinta. Wajen sauyawa, dole sabuwar ta yi daidai da tsohuwar a yawan abin da take tarawa, ƙarfin da take jurewa kada ya gaza na tsohuwar, kuma kada a juya ƙafafunta, domin tana iya fashewa.

A akwatunan baya-bayan nan marasa nauyi, babbar kwandansa takan riƙe wuta fiye da bolt 300 bayan an zare filogi. Wajibi ne a tsiyaye wannan wuta, a kuma tabbatar da mita, kafin hannu ya shiga.

Idan duk waɗannan lafiya suke amma akwatin na ɗaukewa yana dawowa, sai a juya allon a duba likin dalma a ƙafafun abubuwan da ke ɗaukar zafi. Inda aka ga siririn zobe ya tsage, nan za a sake narkawa.