Mai Duba Gida Kafin a Saya: Sai Da Lasisin Gwamnati, Ko Ido Kawai Ya Isa?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na daren Laraba, saboda waɗanda ke daji da dabbobi ko kan hanyar kasuwa ba su samu ji ba.

Maganar ta taso ne daga wani mai sauraro da ya bugo mana waya. Ya ce ya sayar da shanu bakwai ya sayi gida a gari don yara su samu karatu. Kafin ya biya, ya nemi a kawo masa wanda ya san gini ya duba. Mutumin ya zagaya, ya bubbuga bango, ya ce lafiya lau. Ruwan farko na damina, ɗaki biyu suka kama yoyo, bangon baya ya tsage tun daga tushe. Daga baya ya gano ashe mai dubawar ƙanin dillali ne. Tambayarsa ita ce: wai akwai ƙasar da duba gida sana'a ce mai zaman kanta, har hukuma na sa mata ido? Akwai. Kuma a can ma ba a gama gardama a kai ba.

Mene ne aikin nasa?

A Amurka da Kanada, idan mutum ya taya gida aka sallama, kafin ya biya yakan ɗauko wani na musamman ya duba masa. Mai saye ne ke biyan sa, galibi dala 300 zuwa 500, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba. Yakan yi awa biyu zuwa huɗu yana bin gidan: rufi, tushe, bango, wayoyin lantarki, bututun ruwa, magudana, na'urar ɗumama ɗaki. Sai ya rubuta rahoto da hotuna. Da wannan rahoto mai saye zai nemi ragi, ko ya ce a gyara, ko ya fasa cinikin gaba ɗaya.

Amma a lura da iyakarsa. Abin da ido ke gani kawai yake dubawa. Ba ya fasa bango, ba ya tona ƙasa, ba ya ɗaga daɓe. Kamar dai wanda ka ɗauka zuwa kara ya duba maka sa: zai buɗe baki ya ga haƙora, ya ɗaga kofato, ya kalli hanci da tafiya, amma abin da ke cikin huhu sai an yanka. Sana'ar ba tsohuwa ba ce sosai. Ƙungiyarsu ta farko mai ƙarfi a Amurka, wadda ake kira ASHI, a 1976 aka kafa ta.

Kowace jiha da tafiyarta

Amurka ba ta da doka ɗaya a kan wannan. Cikin jihohinta 50, fiye da rabi sun ce sai da lasisi, sauran sun bar abin a buɗe.

Jihar Texas ce ta fara sa hannu, tun 1985. A can hukumar da ke kula da dillalan gidaje ita ce ke ba masu dubawa lasisi, kuma akwai fom guda da kowa zai rubuta rahotonsa a kai, don kada wani ya tsallake abin da bai ga dama ba. A New York mutum zai yi awa 140 na karatu, 40 daga ciki a bakin aiki tare da wanda ya riga shi, sannan ya zauna jarrabawa. Jihohi da yawa suna amfani da jarrabawa guda ta ƙasa mai tambayoyi 200.

Kalifoniya kuwa, duk girmanta, ba ta ba da lasisi. Ko gobe mutum zai iya buga kati ya ce shi mai duba gida ne. Sai dai a 1996 ta yi doka da ta hana abubuwa biyu: mai dubawa ba zai karɓi kwangilar gyaran gidan da ya duba ba har sai wata 12 sun wuce, kuma ba zai ba dillali kamasho don ya turo masa masu saye ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jihar Kansas ta gwada lasisin ta bari. A 2013 gwamnanta na lokacin, Sam Brownback, ya ƙi sa hannu a tsawaita dokar, sai ta mutu. A Kanada, lardin British Columbia ya fara a 2009, Alberta ta bi a 2011. Ontario ta zartar da doka a 2017 amma aka yi shekaru ba a fara aiki da ita ba.

Faransa ta bi wata hanya daban. A can mai sayarwa ne doka ta ɗora wa nauyin kawo takardun bincike kafin ciniki: na gubar dalma idan an gina gidan kafin 1949, na gas da lantarki idan sun haura shekara 15, na gara a yankunan da take ɓarna. Tun Nuwamba 2007, wanda zai yi binciken dole ya kasance yana da shaidar ƙwarewa da inshora, kuma ba shi da alaƙa da mai gidan.

Masu cewa a sa lasisi

Hujjarsu ta farko: yawancin mutane sau ɗaya ko biyu suke sayen gida a rayuwa. Wanda ke sayen raguna kowace kasuwa ya san dillalin kirki daga na banza, don ya sha gwada su. Mai sayen gida ba shi da wannan damar. In ya yi kuskure sau ɗaya, tarin shekara ashirin ya tafi.

Ta biyu: ɓarnar ba ta fitowa nan take. Sai bayan wata shida ko shekara, lokacin mai dubawa ya ci kuɗinsa ya yi gaba. Idan yana da lasisi, akwai ofishin da za a kai ƙara, akwai abin da za a ƙwace masa.

Ta uku ita ce inshora. A 2009 wata kotu a British Columbia ta umarci wani mai dubawa ya biya masu saye fiye da dalar Kanada 190,000, saboda ya ce gyaran gidan bai wuce 20,000 ba alhali ginshiƙan katakon sun ruɓe. Kun ga mutumin da ke karɓar ɗari huɗu a aiki, ina zai samo wannan in ba inshora? Shi ya sa dokokin lasisi da yawa ke tilasta ta.

Masu cewa a bar shi

Su ma ba shirme suke faɗa ba. Suna cewa lasisi ƙasan ma'auni ne kawai: ya nuna mutum ya ci jarrabawa, bai nuna yana da ido ba. Yaro da ya yi wata biyu a aji zai samu takarda, tsohon magini mai shekara talatin a kan bulo ya rasa. Mai saye kuma da ya ga hatimin gwamnati sai ya saki jiki, ya daina tambaya.

Suna kuma cewa kuɗin karatu, na jarrabawa, na sabunta takarda, duk a kan mai saye suke ƙarewa, kuma waɗanda suka riga shiga sana'ar su ne kan fi son a tsaurara, don kada sababbi su shigo. Wani rahoton fadar shugaban Amurka na 2015 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar sai da lasisi suke aiki, alhali a farkon shekarun 1950 ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Akwai kuma wani abu da lasisin bai cika taɓawa ba. Yarjejeniyar da masu dubawa ke ba mai saye ya sa hannu, sau da yawa tana cewa in an samu kuskure, iyakar abin da za a mayar shi ne kuɗin aikin. Wato gida ya rushe, a mayar maka da ɗari huɗunka.

To, ina gaskiyar take?

Ku makiyaya kun fi kowa sanin amsar. Takardar nan ta ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta fito da ita a 1998, tana ɗauke da yawan garke, allurar da aka yi musu, da hanyar da za a bi. Idan likitan dabbobi ya duba da gaske kafin ya buga hatimi, ta kare garkenka ta kare na maƙwabci. Idan kuwa daga cikin ofis aka buga ba a ga saniya ko ɗaya ba, ta zama hanyar karɓar kuɗi kawai.

Lasisin mai duba gida ma haka yake. A namu ganin, yana da amfani idan ya zo da abu uku: gwajin da ake yi a bakin gini ba a takarda kaɗai ba, inshorar da za ta biya wanda aka cuta, da wurin kai ƙara da zai iya dakatar da mutum daga aiki. In babu waɗannan, ƙarin shinge ne kawai a hanya. Kuma abin da ya fi lasisin kansa nauyi shi ne wanda Kalifoniya ta kama ba tare da lasisi ba: mai dubawa na wane ne? Wanda abincinsa ke hannun dillali, ko takardarsa ta kai goma, ba zai ɓata cinikin da ake jiran la'adarsa ba. Abin da ya ci mai sauraronmu ke nan. Ba rashin sani ne ya sa mutumin ya ce lafiya lau ba.

Kafin ka biya

A garuruwanmu na bakin iyaka, magini ko birkila ake ɗauka ya duba, don haka tsaron yana hannunka. Kai za ka nemo shi, daga wata unguwa, kai za ka biya shi, kada dillali ko mai gida su kawo maka. Ka gaya masa tun farko ba shi zai yi gyaran ba, don kada ya ƙara ko ya rage. In da hali, a duba da damina ko washegarin ruwa. A kalli ƙasan bango ko zartsi na cin sa, a kalli tabon ruwa a silin, a soka azara da katakon rufi ko gara ta shiga, a ga inda ruwan indararo ke zuba da nisan masai daga rijiya. Sabon fenti a bango guda kaɗai, a tambayi dalili. Maƙwabta ma a gaishe su, sun san yadda layin ke zama idan an yi ruwa. Abin da ya gani kuma ya faɗa gaban shaidu biyu, ko a ɗauki muryarsa a waya, don cinikin biri a sama ba ya ƙarewa da daɗi.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko magini da ke ganin mun bar wani abu, layinmu a buɗe yake ranar Laraba bayan sallar isha'i. Allah ya kai mu lafiya, ya tsare dukiya da dabbobi.