Yoyon fitsari bayan tiyata: Raunin da ba ya bayyana sai an koma gida

A Jega da Aliero da Maiyama, da an ce mace na yoyon fitsari, doguwar naƙuda ce ke faɗo wa mutane a rai. Amma akwai wani nau'in da ke biyo bayan tiyata, musamman ta cire mahaifa ko ta ciro jariri cikin gaggawa.

Kowace ƙoda tana da siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke kai fitsari mafitsara. Kafin ya isa, yana bi ta ƙarƙashin jijiyar da ke kai wa mahaifa jini, kimanin santimita 2 kacal daga bakin mahaifa. A nan ne kuma likita ke ɗaurewa don tsayar da jini. Idan mahaifa ta fashe, ko ƙari ya ture bututun daga mazauninsa, ana iya haɗawa da shi a ɗaure ko a yanke ba a ankara ba. Ko a hannun ƙwararre hakan na faruwa, sai dai matar da aka kawo daga ƙauye bayan ta kwana tana naƙuda, jini na zuba, ita ta fi shiga haɗari.

Sau da yawa sai an sallame ta abin ke fitowa: ciwon kwiɓi, zazzaɓi, sannan bayan kwanaki ko makonni fitsari ya fara zuba ta gaba. Abin da ke ruɗa dangi shi ne, tana kuma zuwa bayan gida ta yi fitsarinta kamar kullum, domin ɗaya bututun lafiyarsa lau. Sai a ce ruwan ciwo ne, a ci gaba da wankan jego ana jira. Wannan jiran ne ke iya kashe ƙoda. Idan kuwa fitsari ya ɗauke gaba ɗaya bayan tiyata, mai yiwuwa duka biyun aka ɗaure, ba a kwana da wannan.

Gwajin farko ba wuya. Ana zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara. Idan audugar da aka sa ta jiƙe amma ba ta yi shuɗi ba, zargi ya koma kan bututun. Gyara kuwa, ko a zura siririyar roba ta riƙe shi har ya warke, ko a sake dasa shi a jikin mafitsara.

Cibiyar yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi ce mafi kusa ga waɗannan ƙananan hukumomi uku, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin ƙoda da mafitsara. Mai tafiya ta riƙe takardar sallamar da aka ba ta, domin likita zai so sanin irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi.