Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

'Yan'uwa manoma, ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce tun kaka da kakanni. Amma tun wajen 2011 'yan bindiga suka hana ta sakat. A watan Yuni na 2021 an kashe mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Zurmi. A watan Yuli na 2025 kuma aka kashe mutum fiye da 30 cikin waɗanda aka sace daga Banga ta ƙasar Ƙaura, ko da yake an biya kuɗin fansa. Kowane ɗayansu ya bar iyali a baya.

Mun iya zaman makoki. Mukan kai abinci, mu yi addu'a, mu yi gaisuwa. Maƙwabtanmu Musulmi sukan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Amma sa'ad da aka naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa, a lokacin ne baƙin ciki yakan danne mai shi. Don haka ya kamata ƙungiyar gama kai ta yi shirin kula da masu makoki kamar yadda take shirin iri da taki kafin damina.

Yadda Ciwon Yake

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake tashin hankali, mutum 1 cikin 5 yana fama da ciwon damuwa ko wani taɓin hankali. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne. Ga alamunsa: rashin barci, ƙin abinci, faɗuwar gaba in an ji ƙarar babur, saurin fushi, ciwon kai da ba ya jin magani. Wani yakan bar gonarsa ciyawa ta cinye. Saurayi yakan faɗa shan ƙwaya. Yaro kuwa yakan daina wasa, ko ya koma fitsarin kwance.

Akwai kuma makokin da ba shi da kabari, wato na iyalin da aka tafi da nasu daji, ba gawa, ba labari. Su ba a yi musu gaisuwa, gama ba a tabbata ya mutu ba. Kada mu manta da su.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Yi

Na fari, magatakarda ya rubuta sunayen gidajen da aka yi rashi. A ba kowane gida mutum biyu masu ziyara mako-mako har kaka, maza wurin maza, mata wurin mata.

Na biyu, mu koyi saurare. Yawancinmu da mun zauna sai mu ce, "Sai haƙuri," mu tashi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai hana kuka ba, ko ga namiji. A bar mutum ya ambaci sunan mamacinsa, ya maimaita labarin in yana so. In bai so magana ba, kada a matsa masa. Abin da aka ji kuwa ya tsaya nan. Wadda ta dawo daga hannun masu garkuwa tana bukatar sutura da asibiti da wuri, ba tambayoyi da tsegumi ba.

Na uku, gayya. Gwauruwa ba za ta yi barci ba in rumbu ba kome. A sa ranar yi mata shuka da noma da maimai da girbi. In gonarta tana nesa inda akwai hatsari, a ba ta aron wata kusa da gari. Ita ma a ba ta abin yi, ko suyar ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, gama zaman kaɗaici yana ƙara ciwon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, bashi. Gidan da ya sayar da shanun huɗa da hatsi domin kuɗin fansa ba zai iya biyan bashin taki a kakar nan ba. A ɗaga masa zuwa baɗi, a kuma faɗa masa tun da wuri, kada ya kwana yana lissafi.

Na biyar, maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 5 na masu hallaka kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Mu ma kada mu ajiye maganin feshi a ɗakin kwana. A tara shi a sito, a kulle, mabuɗi yana hannun mutum biyu.

Lokacin Zuwa Asibiti

In watanni sun wuce mutum bai iya kome ba, ko yana jin muryoyi, a kai shi asibiti. In kuwa ya ce gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi a fili, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita a ranar. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi. Akwai asibitin tarayya a Gusau, da asibitin masu taɓin hankali a Kware ta Jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin majiyyaci. Ba mari, ba duka. Addu'a da magani ba sa gaba da juna.

Masu ziyara su ma su lura da kansu, gama da yawansu sun yi rashi. Su haɗu sau ɗaya a wata, su ji lafiyar juna, wanda ya gaji a hutar da shi.

A taronku na gaba, kafin a shiga zancen taki, shugaba ya tambaya: "Wane ne ba mu gani ba tun bayan makoki?" Sa'an nan a sa ranar zuwa gidansa. Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya ba ƙasarmu salama.