Allurar Baya Ko Maganin Barci: Wa Ke Tsare Ran Mai Haihuwa A Ɗakin Tiyata?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau ɗakin tiyata za mu shiga, mu wuce likitan da ke riƙe da wuƙa, mu je can wajen kan mai haihuwa, inda wani ma'aikaci yake tsaye idonsa a kan na'ura, hannunsa a kan jijiyar hannunta.

Duk ranar da aka ce za a yi wa mace aiki a ciro jariri, tambayar dangi ɗaya ce: wane likita ne zai yi aikin? Da wuya ka ji an tambayi wanda zai kashe mata ciwon, ya tsare numfashinta da bugun zuciyarta har a gama ɗinki. Alhali a shekarar 2016 mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta wallafa wani nazari da ya tattara rahotanni daga ƙasashe masu tasowa, aka gano cewa cikin mata 100 da suka rasu a tiyatar haihuwa, kusan 14 matsalar ta taso ne daga wajen kashe ciwo. Wannan adadi ya isa ya sa mu san mutumin nan, mu san aikinsa.

Hanyoyin da yake bi guda biyu ne manya. Ko dai ya kashe rabin jiki da allurar baya, mace tana farke, ko kuma ya sa ta barci gaba ɗaya. Matanmu da yawa na biyun suke roƙo. Za ka ji mace tana cewa, likita don Allah ka sa ni barci kawai, kada in san abin da ake ciki. Ba laifinta ba ne, tsoro halitta ne. Sai dai a yawancin lokuta allurar da take gudu ita ce mafi aminci gare ta da abin da ke cikinta.

Ga yadda ake yin ta. Da farko za a sa miki ƙarin ruwa a hannu, a ɗaura abin awon jini a damtse, a maƙala wata 'yar na'ura a yatsa. Sai a ce ki zauna a bakin gadon tiyata, ƙafafu a kan kujera, ki rungume matashi, ki sunkuyar da kai, ki turo bayanki waje. Da tsohon ciki wannan zama ba daɗi, balle idan naƙuda na tasowa, shi ya sa wata ma'aikaciya kan tsaya a gabanki ta riƙe kafaɗunki. Za ki ji sanyin maganin da ake goge baya da shi. Za ki ji yatsan likita yana laluben tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Allurar kanta ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Idan ta isa wurin, ruwa fari tas zai ɗigo, alamar an dace, sai a tura maganin, wanda bai cika ƙaramin cokali ba. Yawanci bupivacaine ake amfani da shi. Kafin minti biyar ƙafafu sun ɗauki ɗumi, sun yi nauyi, ki so ɗaga su ki kasa. Kada ki firgita, aikin maganin ke nan, kuma cikin awa biyu zuwa uku zai fara saki.

Kafin wuƙa ta taɓa ki sai an gwada. Za a ɗora auduga mai sanyi a cikinki, ko a ɗan mintsine ki, a ce kin ji? A nan, 'yar'uwa, ba wurin kunya ba ne, ba kuma wurin nuna jarumta ba. Idan kin ji zafi ki ce kin ji. Wani lokaci allurar ba ta kamawa sosai, sai a sake, ko a koma ga barci. Idan ta kama, za ki ji ana taɓawa, ana ja, ana danna saman ciki lokacin fito da jariri, amma ba zafin yanka. An sa labule a ƙirjinki, ba za ki ga komai ba. Bakinki na salati, kunnenki na ji, har kukan farko ya tashi. Inda aka tsara abin da kyau, nan take ake kawo miki shi ki gani, a ɗora miki a ƙirji.

(Ɗan kiɗa)

To, me ake cewa a gidan suna da wajen kitso? Wai allurar baya tana gurgunta mutum. Wai wadda aka yi wa ba ta rabuwa da ciwon baya har abada. Mu ɗauki na farko. Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙugu ba, a jikin babba tana ƙarewa ne sama da wurin da ake soka allurar. Da gangan ake sauka ƙasa don a kauce mata. Lalacewar jijiya ta dindindin na iya faruwa, amma abu ne mai matuƙar wuya. Ciwon baya kuwa, wurin allurar kan yi tsami na 'yan kwanaki ya wuce. Binciken likitoci bai nuna ita ke jawo ciwon baya na shekaru ba. Macen da ta ɗauki ciki wata tara, ta dawo ga goyo da daka da sunkuyon wanki, ko a gida ta haihu bayanta zai yi ƙorafi.

Ba cewa nake yi allurar ba ta da nata matsalolin ba. Wanda ya fi yawa shi ne jini ya sauka nan da nan, mace ta ji jiri da tashin zuciya. Saboda haka ake auna jinin kusan kowane minti a farko, da maganin ɗaga shi a ajiye cikin sirinji. Saboda haka kuma ake karkata gadon zuwa hagu, don nauyin ciki ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Wasu kan yi rawar sanyi, wasu ƙaiƙayi.

Sai ciwon kai, wanda ya girmi kakanninmu. Likitan da ya fara yi wa mutane wannan allura, August Bier na ƙasar Jamus, a shekarar 1898, ya sa an gwada a jikinsa, shi ma ya gwada a jikin mataimakinsa, kuma dukansu sun sha ciwon kai na kwanaki. Allurorin zamaninsu masu kauri ne. Da sirara na yanzu, mata kaɗan ne ke samunsa. Yana da alamarsa: ki tashi zaune kai ya sara, ki kwanta ya lafa. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake tafiya, da hutu da shan ruwa da maganin ciwo, kuma idan ya ƙi akwai abin da ake yi a asibiti. Amma iyayenmu masu kula da mai jego, ku saurara. Ciwon kai tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, ko ƙafa ta ƙi motsi bayan lokacin da ya kamata magani ya saki, wannan ba na hayaƙi da jiƙo ba ne. A koma asibiti a ranar, domin hawan jinin ciki yana iya tasowa ko bayan an sauka.

Akwai 'yar'uwar wannan allura da ake kira efidural, inda ake barin siririyar roba a baya ana ƙara magani a kai a kai. An fi amfani da ita wajen rage zafin naƙuda, kuma idan tiyata ta taso sai a ƙara ƙarfinta. A asibitocinmu ba ta yawaita ba.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga barcin da ake roƙo. Idan aka sa mutum barcin tiyata, numfashinsa ya bar hannunsa. Dole a zura bututu ta maƙogwaro, na'ura ko hannun ma'aikaci ya riƙa hura masa iska. A jikin mai ciki wannan aiki ya fi wuya, saboda maƙogwaro kan kumbura, iskar da ke ajiye a huhunta kuma ba ta da yawa, ga jariri yana jan tasa. Idan bututu ya ƙi shiga, mintoci kaɗan ne a hannu. Na biyu, abin da ke cikin tumbi na iya tasowa ya faɗa huhu. Wani likita a birnin New York na Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan a shekarar 1946 bayan ya bi tarihin dubban haihuwa, har yau ana kiran matsalar da sunansa. Na uku, wani ɓangare na maganin kan ratsa zuwa ga jariri, ya fito da kasala. Nazarin 2016 da muka ambata ya nuna haɗarin mutuwa ya ninka kusan sau uku ga matan da aka sa barci idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa allurar baya, ko da yake wani ɓangare na dalilin shi ne waɗanda suka fi jigata su ake sa wa barcin.

Duk da haka akwai ranar da barcin shi ne daidai. Mace ta zo jini na zuba har ta galabaita. Ko jininta ba ya daskarewa. Ko tana cikin jijjiga ba ta cikin hayyacinta. Ko akwai ƙurji mai ruwa a wurin da za a soka allura. Ko bugun zuciyar jariri ya faɗi, babu lokacin zama a lanƙwasa baya. A irin wannan rana, idan likita ya ce barci, a bar shi ya yi aikinsa.

Masu sauraro, ga abin da ya fi damuna a wannan batu. A shekarar 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22. Cikin mata 1,000 da aka yi wa tiyatar haihuwa, fiye da 5 sun rasu. Wannan ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Maganin da ake tura wa mace a Landan shi ake tura wa ta Kano da ta Maraɗi. Bambancin yana ga mai tsaro da kayan aikinsa, da kuma halin da mace ta iso asibiti. Ƙungiyar likitocin kashe ciwo ta duniya ta ce a samu aƙalla likitocin kashe ciwo 5 ga mutum 100,000. A Najeriya ba a kai 1 ba, kuma kullum wasu na haɗa kaya suna barin ƙasar. Ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman su ke ɗauke da yawancin nauyin a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kuma sun cancanci a yaba musu, a ƙara musu horo da kayan aiki.

Soka allurar ba shi ne mai wuya ba, ana iya koya wa mutum cikin makonni. Abin da ke biyo baya shi ne aikin. Wani lokaci magani kan hau sama fiye da kima, mace ta kasa numfashi. Idan akwai mai horo a kanta, da iskar oksijin da bututu a kusa, za a riƙe mata numfashi har magani ya saki, ta tashi lafiya. Idan kuwa wanda ya yi allurar shi ne ya zagaya ya ɗauki wuƙa, babu kowa a wajen kai, to an yi ganganci da rai. 'Yar na'urar nan ta yatsa, mai ƙara tit, tit, tare da bugun zuciya, muryarta kan canja da zarar iska ta fara raguwa a jini, tun kafin leɓe ya sauya launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da za a tabbatar kafin kowace tiyata tun 2008. Ɗakin tiyatar da ba shi da ita bai kamata a buɗe shi ba.

Akwai kuma rabon da ke hannunmu. Idan an sa ranar aiki, za a ce kada a ci abinci awa shida zuwa takwas, ruwa zalla kuma a tsaya awa biyu kafin shiga. Hajiya, kada tausayi ya sa ki ɗura wa 'yarki kunu a ɓoye wai don ta samu ƙarfi. Idan kuma an riga an sha, ko kunu ne ko rubutu ko jiƙon saiwa, a faɗa. Ba wanda zai kore ku, shiri kawai zai canja. A faɗi asma, a faɗi sikila, a faɗi hawan jini da ciwon zuciya, a faɗi duk ƙwayar da ake sha, har wadda ake jin nauyin ambata. Idan an taɓa yi wa wani a dangi tiyata ya sha wuyar farkawa, shi ma a faɗa.

Ku kuma magidanta, maganar sa hannu. Sau da yawa mace na kwance, likitoci sun shirya, ana neman maigida a waya, shi kuma yana jiran shawarar yayansa. Kowace awa da ta wuce tana rage zaɓi: wadda da safe allurar baya za ta ishe ta, da yamma ta zama sai barci da ƙarin jini. A ƙa'idar aikin likita, mace baliga mai hankalinta sa hannunta ya wadatar. Ka faɗa mata tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarka, cewa idan likita ya ce aiki, ka yarda ko ba ka nan. Ka tanadi masu ba da jini tun kafin watan haihuwa ya kama. Idan kuɗi ne abin tsoro, a watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata a asibitocin da ke cikin tsarin, Jamhuriyar Nijar kuwa ta ɗauke kuɗin wannan tiyata a asibitocin gwamnati tun 2005. Ka tambaya a wurin awo ko asibitinku na ciki.

Ke kuma mai ciki da ke jin mu yanzu, ranar awonki mai zuwa ki tambayi ma'aikaciya: idan ta kama a yi mini aiki a nan, wa zai kashe mini ciwo, kuma zai tsaya a kaina har a gama? Akwai oksijin? Akwai jini? Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki nemi a tura ki asibitin da ke da su tun naƙuda ba ta zo ba. Allah Ya sauke ku lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)